Fitsarin direba da agogon kamfani

Duk wanda ya taɓa neman aikin tuƙa babbar mota a Amurka ya san ɗakin nan da ake karɓar fitsari don gwajin ƙwaya. Za a ce ya tuɓe rigar sanyi, ya juye aljihunansa a kan tebur, ya wanke hannu. Ruwan masai an zuba masa shuɗi don kada ya ɗiba ya tsarma fitsarin, famfo kuma an rufe shi. A miƙo masa kofi, ya shiga, ya fito da abin da bai gaza mililita 45 ba. Kafin minti huɗu su cika ma'aikacin zai duba ɗumin fitsarin, in bai faɗa tsakanin digiri 32 da 38 ba, zargi ya shiga ke nan cewa ba daga jikinsa ya fito ba. Sai a raba shi kwalba biyu a gaban idonsa, 30 a ɗaya, 15 a ɗaya, a manna hatimi, ya sa hannu a kan kowace. In fitsari ya ƙi zuwa, a ba shi ruwa ya zauna jira har awa uku. In kuwa zuciya ta ɗebe shi ya fice bayan an fara, za a rubuta cewa ya ƙi gwaji, hukuncinsa ɗaya da na wanda aka samu da ƙwaya a jiki.

Babu magidancin da zai ji daɗin wannan. Mutum ya zo neman halalinsa, ba a kama shi da komai ba, amma an fara da lalube masa aljihu. Duk da haka ina goyon bayan a yi gwajin, kuma ba na jin nauyin faɗa. Tirela cike da kaya a Amurka tana kai fam 80,000, wato wajen tan 36. In tana gudun kilomita 105 a awa, sai ta ci kusan mita 160 kafin ta tsaya, wannan ma in direban yana cikin hayyacinsa, birkin na da kyau, titin a bushe. Mai ƙaramar mota da ke gabanta da iyalinsa bai zaɓi direban ba, bai ga idonsa ba, ba shi da hanyar sanin me ya sha. Kunyar minti goma a ɗakin gwaji ba ta kai nauyin ran waɗannan mutane ba.

Su ma Amurkawan sai da aka yi asarar rayuka suka kai ga wannan doka. A watan Janairun 1987 wani jirgin ƙasa na fasinja ya yi karo da kawunan jirgin dakon kaya a garin Chase na jihar Maryland, mutum 16 suka mutu, aka kuma gano cewa matuƙin jirgin dakon kayan ya sha tabar wiwi. Ƙungiyoyin ma'aikatan jirgin ƙasa sun yaƙi gwajin dole a kotu, suna cewa bincike ne ba da dalili ba, amma a 1989 Kotun Ƙoli ta ce lafiyar jama'a ta rinjaya. A 1991 majalisa ta yi dokar da ta wajabta gwajin ƙwaya da barasa ga masu aikin sufuri, har da direbobin manyan motoci. Yau kamfani ba shi da ikon miƙa wa sabon direba makulli sai sakamakon gwajinsa ya fito babu komai.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Cikin duk gwaje-gwajen da ake yi wa direba, na ɗaukar aiki shi ne mafi rauni, kuma shi ne kamfanoni suka fi tinƙaho da shi. Jarrabawa ce da ɗalibi ya san ranarta, ya kuma san tambayoyinta. Mai neman aiki shi ke zaɓar ranar da zai kai takardunsa. Tambayoyin kuwa biyar ne a tsarin gwamnatin Amurka: wiwi, hodar iblis, dangin amfetamin, dangin kodin da mofin, sai wata ƙwaya mai gusar da hankali da ake kira PCP. Kowa ya san jerin.

Ka ɗauki mutum biyu a layi ɗaya. Na farko ya saba haɗiyar ƙwayar hana barci ta dangin amfetamin duk sanda zai yi tafiyar dare. Ya daure ya bari na kwana huɗu ko biyar, fitsarinsa ya fito fes, domin irin wannan ƙwayar, kamar hodar iblis, ba ta wuce 'yan kwanaki a fitsari. Na biyun ya daɗe yana shan wiwi, ya yanke shawarar tuba, ya yi mako uku bai taɓa ba, ya zo neman aiki don ya gyara rayuwarsa. Sinadarin wiwi a kitsen jiki yake ɓuya, yana fita sannu a hankali, wanda ya saba sha kullum zai iya kai wata guda ana ganin saura. Na farko ya karɓi makulli, na biyu ya koma gida da tambari a goshi. A gaskiya wanne ne cikinsu ya fi zama haɗari a kan titi? Kwalbar ba ta amsa wannan ba, domin abin da take gani shi ne sawun da ƙwaya ta bari, ba ta san ko mutum a buge yake a wannan sa'ar ba.

Kada a ɗauka ina wanke mai shan wiwi. Wiwi na rage saurin ɗaukar mataki, tana ɓata ƙiyasin tazara, wanda ya sha ba shi da hurumin kama sitiyari. Jihohin Colorado da Washington sun halatta ta tun 2012, wasu da dama sun bi sahu, amma Ma'aikatar Sufuri ta tarayya ta ce wannan bai shafi direban babbar mota ba, ko da takardar likita ya zo. Na yarda da wannan tsaurin. Abin da ke damuna shi ne, tunda wiwi ce ta fi daɗewa a jiki, ita ce ta fi fitowa a sakamakon gwaji, sai a riƙa murna an kama masu laifi da yawa, alhali raga ce mai kama kifin da ya fi nauyin jiki, masu zillo suna wucewa. Direbobi ba yara ba ne, sun san wannan lissafi. Wanda ba zai iya bari ba sai ya koma ga abin da ke saurin fita daga jiki, ko abin da ba ya cikin jerin.

An ga ƙarshen wannan a watan Satumban 2014 kusa da garin Davis na jihar Oklahoma. Wata tirela ta tsallake tsakiyar babbar hanya ta daki bas ɗin ɗalibai mata 'yan wasa na wata kwaleji daga Texas, huɗu suka mutu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta ce abin da ya fi yiwuwa shi ne direban ya fita hayyacinsa saboda wiwin da ake haɗawa da sinadarai, wadda gwajin gwamnati ba ya nema. Tiramadol ma, duk da tana cikin dangin masu kashe zafi masu sa maye, gwajin da aka saba yi ba ya ganinta sai an neme ta da gangan. Barasa kuwa, wadda ta fi kowace ƙwaya sauƙin samu, dokar ba ta ma wajabta gwada ta ranar ɗaukar aiki ba, kuma da gaskiyarta, don wa zai zo neman aiki yana warin giya?

Ganin wannan ɓaraka ne ya sa wasu manyan kamfanonin dakon kaya, irin su J.B. Hunt da Schneider, suka ƙara da gwajin gashi. Gashin kai yana tsiro kimanin santimita 1.3 a wata, yana kuma riƙe sawun abin da ya bi jini. In an yanki santimita huɗu daga tushe, an samu tarihin kusan kwana 90. Daurewar kwana biyar ba ta da amfani a nan. Ƙasar Brazil ma ta bi wannan hanya da dokar da ta yi a 2015, ta wajabta wa direbobin manyan motoci da bas gwajin da ke waiwayar wata uku. A ido abin ya yi kyau, na kuma fahimci dalilin da ya sa mai mota da kamfanin inshora suke son sa.

Ni dai ban yarda a rufe wa mutum ƙofar abinci da sakamakon gashi kaɗai ba. Hodar iblis ta fi kama baƙin gashi fiye da fari ko ja, saboda tana maƙale wa sinadarin da ke ba gashi duhu. Mutum biyu su sha daidai wa daida, na mai baƙin gashi ya fi nunawa. Sannan gashi a waje yake, hayaƙi da ƙura suna sauka a kansa, har yau ana gardama kan ko wankin da ake masa a ɗakin gwaji yana raba abin da ya shiga ta jini da abin da ya sauka daga iska. Wasu 'yan sanda baƙaƙen fata a birnin Boston sun kai ƙara kan wannan gwaji, a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yarda cewa alƙaluma sun nuna ya fi faɗawa a kan baƙaƙe. Ga kuma batun addini. Mabiya addinin Sikh ba sa yanke gashi, kuma suna da yawa a harkar tirela a Amurka da Kanada. A 2016 kamfanin J.B. Hunt ya biya dala 260,000 don sasantawa da wasu masu neman aiki huɗu 'yan Sikh da suka yi ƙorafin an hana su aiki kan gashi da rawani. Wani abin dariya kuma, gashi ba ya nuna abin da aka sha jiya ko shekaranjiya, sai ya tsiro ya fito, wajen mako guda. Ya san labarin wata uku da suka wuce, bai san na safiyar yau ba.

Gwajin yawu ne ya fi kusa da tambayar da ya kamata a yi, domin yana ganin abin da aka sha cikin awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu, ana ɗibarsa a gaban ido ba tare da an bi mutum banɗaki ba. Amurka ta amince da shi a 2023, sai dai aiwatarwar ta tsaya jiran a tantance ɗakunan gwajin da za su yi shi. Amfaninsa kuwa a bakin hanya yake da wurin lodi, ba a ofishin ɗaukar aiki ba. Abin da ke hana direba sha shi ne sanin cewa ko yaushe za a iya kiran sunansa ba zato. A tsarin Amurka, adadin gwajin ba-zata da kamfani zai yi a shekara dole ya kai rabin yawan direbobinsa, na barasa kuma kashi 10 cikin 100. Kamfanin da ya yi gwajin ranar farko ya naɗe hannu, ya yi wanka ne da jirwaye.

Akwai wani ɓangare na tsarin Amurka da na fi so a kwaikwaya fiye da gwajin kansa, shi ne kuma wanda masu kwaikwayo suka fi yarwa. Gwajin farko na tacewa ne kawai, yana iya kuskure. Wasu magungunan mura da na asibiti suna iya sa shi ya nuna abin da babu. Don haka ba a yanke hukunci sai an sake gwada fitsarin da na'ura mai tantance sinadari ɗaya bayan ɗaya. Ko an tabbatar ma, sakamakon ba kai tsaye yake zuwa teburin manaja ba. Wani likita ne na musamman zai kira mai neman aikin, ya tambaye shi ko yana shan wani magani, ya duba takardar likitansa. In bayanin ya gamsar, abin da kamfani zai ji shi ne babu komai. In bai gamsar ba, mutum na da awa 72 ya ce a kai kwalba ta biyu wani ɗakin gwajin daban. Dalilin raba fitsarin biyu ke nan tun farko.

A wuraren da babu doka irin wannan, abin da ake yi sau da yawa shi ne a tsoma ɗan tsinken gwaji a kofi, ma'aikacin ofis ya leƙa, ya ce "Malam, ka faɗi," shi ke nan. Babu tabbatarwa, babu likita, babu ɗaukaka ƙara. Kafin mutumin ya kai bakin ƙofa, masu gadi sun ji, kafin yamma labari ya zaga sauran direbobi. An shafa masa kashin kaji a sana'ar da kowa ya san kowa. Kuma fitsari na tona abin da ba a tambaya ba, kamar ciwon sukari, ko juna biyu in mace ce, ko maganin da mutum ke sha a ɓoye don wata lalura da ba ya son a sani. Kamfanin da ba zai iya biyan kuɗin tabbatarwa da riƙe sirri ba, bai kai ya yi gwaji ba. Kuma shi ya kamata ya biya, tunda shi ke neman tabbaci, bai dace a ɗora wa wanda ke yawon neman aiki ba.

Sai wanda ya faɗi da gaske. A da, direban da aka kama a kamfani ɗaya sai ya jira mako biyu ya tsallaka wani, ya yi gum. Tun ranar 6 ga Janairun 2020 aka buɗe rumbun bayanai na ƙasa da ake kira Clearinghouse, inda ake shigar da sunan duk wanda ya faɗi ko ya ƙi gwaji, kuma dole kowane kamfani ya duba kafin ya ɗauki direba. Daga Nuwamban 2024 ma jihohi na janye izinin tuƙa babbar mota daga lasin wanda ke cikin haramcin. Wannan gyara ne mai kyau. Akwai kuma hanyar dawowa a rubuce: mutum ya ga ƙwararre kan shaye-shaye, ya bi abin da ya tsara masa, ya ci gwajin komawa aiki, sannan a yi masa aƙalla gwaji shida na ba-zata a shekarar farko, ana iya ci gaba har shekara biyar. Sai dai alƙaluman rumbun sun sha nuna cewa mafi yawan waɗanda aka dakatar ko fara bin hanyar ba su yi ba. Ba abin mamaki ba ne. Tsohon ma'aikaci wataƙila kamfaninsa ya tallafa masa, amma mai neman aiki ba shi da uban gida, shi zai biya ƙwararren daga aljihun da babu albashi, in ya gama kuma manyan kamfanoni da yawa ba za su kalle shi ba. Mutanen nan ba ɓacewa suke ba. Wasu na komawa tuƙa ƙananan motocin kaya da dokar ba ta shafa ba, a kan titunan nan dai. Haka ma wanda ya faɗi gwajin gashi: tunda ba gwajin gwamnati ba ne, ba ya shiga rumbun, sai ya gangara kamfanin da fitsari kawai yake dubawa. Babban kamfani ya tsarkake harabarsa, titi kuwa yana nan yadda yake.

Yanzu ga tambayar da na ga ana kauce mata. Me ke kai direba ga ƙwaya? Akwai masu sha don nishaɗi, kamar a kowace sana'a. Amma ƙwayar hana barci ba don daɗi ake haɗiyarta da ƙarfe biyun dare ba. Yawancin direbobin dogon zango a Amurka da mil ake biyansu, in taya ba ta juya ba babu kuɗi, dokar biyan ƙarin lokacin aiki ma ta tsame su. Direba ya iso wurin lodi da ƙarfe takwas na safe kamar yadda aka ce masa. Ana ta "yanzu za a kira ka" har azahar ta wuce. Yana zaune a kan mota, ba barci yake ba don kada a kira lambarsa bai ji ba, ba kuma aiki yake ba a idon mai biya. Ƙarfe uku a gama lodi, a miƙo masa takardu, wayarsa ta yi ƙara, mai tsara tafiye-tafiye ne daga ofis: "Kayan nan gobe da asuba ake jiransu, ka san dai." Bai ce ka sha komai ba, bai ce ka karya doka ba. Ya dai faɗi lokaci, direba kuma ya san wanda ya cika cewa ba zai iya ba, shi ake ba tafiya mara tsoka mako mai zuwa.

Dokar awanni tana nan. A Amurka tuƙin awa 11 ne cikin awa 14 na aiki, sannan hutun awa 10, tun ƙarshen 2017 kuma na'ura ce ke rubutawa maimakon littafin da ake cikawa da biro. A Tarayyar Turai awa 9 ne a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Amma na'ura lokacin da mota ke tafiya take ƙirgawa, ba ta ƙirga barci. Binciken da aka yi a Ostireliya ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, kuzarinsa ya yi daidai da na mai barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini. Iyakar da aka yanka wa direban babbar mota a Amurka 0.04 ce. Wato direba zai iya wuce haddin maye bai sha ko ɗigo ba. A watan Yunin 2014 wata tirelar Walmart ta afka wa motar da ke ɗauke da ɗan wasan barkwanci Tracy Morgan a New Jersey, mutum ɗaya ya mutu, shi kuma ya ji mummunan rauni. Masu bincike sun gano direban ya yi fiye da awa 28 bai runtsa ba, domin sai da ya tuƙo motarsa kusan mil 800 daga Georgia zuwa Delaware kafin ya fara aikin ranar. Babu kwalbar da za ta nuna awa 28.

Shi ya sa nake ganin kamfanin da ya tsananta gwajin fitsari ya bar jadawalinsa yadda yake, ya bar jaki yana dukan taiki. Gwajin na da arha, yana faranta wa inshora, in haɗari ya faru lauya ya ɗaga takarda ya ce mun gwada shi. Gyara jadawali kuwa kuɗi ne: biyan awannin jira, ƙarin direba, ce wa babban kwastoma kayanka sai jibi. Shekara da shekaru manyan kamfanonin dogon zango a Amurka suna sauya kusan kashi 90 cikin 100 na direbobinsu a shekara. Wanda ke zubar da ma'aikata haka yana ɗibar sababbi, kullum layin ɗakin gwajinsa a cike yake, kuma bai taɓa zama da direba ɗaya har ya san ranar da idonsa ya canza ba.

Ostireliya ta gwada wani abu da ya burge ni. A dokar manyan motocinta, alhakin haɗari bai tsaya kan direba kaɗai ba, ya haɗa da mai kayan, da mai tsara lokaci, da mai lodi, da mai karɓa, da shugabannin kamfani. Wanda ya yanka lokacin da ba za a iya cika shi ba sai da gudu ko hana ido barci, shi ma kotu na iya kiransa. Irin wannan nake so a haɗa da gwajin ƙwaya, su tafi tare. Ranar da aka miƙa wa mai neman aiki takardar amincewa da gwaji ya sa hannu, a miƙa masa ta biyu wadda kamfani ya riga ya sa wa hannu: nawa ake biyan awar jira a wurin lodi, wa ke da ikon sauya lokacin isar kaya, kuma me zai faru da direban da ya bugo waya da tsakar dare ya ce barci yake ji, zai faka.